Miƙewa da Rangwaɗa a Gumakan Hindu

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san tsayuwar nan: ƙugu ya gota gefe guda, ƙirji ya karkata ɗaya gefen, kai kuma ya ɗan langaɓe. Ba 'yan rawar fim ne suka ƙirƙiro ta ba, gado ce daga wuraren bautar Hindu, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana sassaƙa ta a dutse, ana zuba ta da tagulla. Sunanta tiribanga da harshen Sanskirit, wato lanƙwasa uku. Baƙo yakan ɗauka yanga ce kawai aka yi don ƙawata gunki. A wurin masassaƙa da masu bautar kuwa, tsayuwa bayani ce, ita ke sanar da mai ziyara gaban wa ya zo, da kuma fuskar da zai tunkare shi da ita.

A wani ɗan littafi da ya fitar a 1914, mai zane Abanindranath Tagore ya kasa tsayuwar gida huɗu, gwargwadon yadda jiki ke kauce wa zaren da aka sako daga tsakar ka zuwa tsakanin dugadugai, irin wanda magina ke gwada bango da shi. Samabanga ita ce tsayuwa ƙiƙam, nauyi ya rabu daidai a ƙafa biyu. Abanga ɗan karkata ce, sai tiribanga, sai atibanga mai tsananin lanƙwasa da aka fi gani a siffofin faɗa da fushi. Hujja mafi ƙarfi cewa wannan rabo yana ɗauke da ma'ana tana wurin Bishnu da Kirishna. Mabiya Hindu da yawa sun ɗauki Kirishna a matsayin bayyanar Bishnu a doron ƙasa, amma ba a tsayar da su iri ɗaya. A ɗakin bautar Tirupati, Bishnu yana tsaye cak kamar sarki ranar zaman fada, domin a akidarsu shi ke riƙe da tsarin duniya, kuma mai riƙon duniya ba ya jingina. Kirishna kuwa makiyayi ne mai busa sarewa, ƙafa ɗaya a harɗe kan ɗaya, jiki a karye. Wanda ake bauta wa a garin Birindaban ma laƙabinsa Banke Bihari, kuma kalmar farko tana nuni ne ga wannan lanƙwasa. Ɗaya ana zuwa masa da kwarjini, ɗayan da shaƙuwa.

Akwai masu cewa aro ne daga Girkawa, tunda rundunar Iskandar ta kai kogin Indus a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masassaƙan Girka irin su Polikilaitos sun daɗe suna ɗora nauyin jiki kan ƙafa ɗaya. Tasirin Girka a yankin Gandara gaskiya ne, ana ganinsa a ninkin mayafin gumakan Buda. Sai dai Bagirke yana bin yadda tsoka da ƙashi ke ɗaukar nauyi ne, shi kuwa Ba'indiye rawa yake bi. Tsohon littafinsu na Bishnudarmottara ya shardanta wa mai koyon zane sanin rawa, littafin Natya Shastara kuma ya lissafa motsin rawa 108. An sassaƙa 81 daga cikinsu a babban ɗakin bautar Tanjabur da Sarki Rajaraja na Ɗaya ya kammala a 1010. Kafin duk wannan akwai 'yar yarinyar tagullar da aka tono a Mohenjo-daro a 1926, tsawonta bai kai santimita 11 ba, ta dafe ƙugu da hannu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Ba za a ce daga gare ta tiribanga ta fito kai tsaye ba, tazarar ta yi yawa, amma ta isa shaida cewa ƙasar ba ta jira baƙi suka koya mata rangwaɗa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: idan littafi ne ya ƙayyade komai, ina gwanintar? Lallai ƙa'idar tana da tsauri. Ana auna jiki da tala, wato tsawon fuska, kowace tala yatsa 12 ce, manyan alloli kuma tala goma ake ba su. Har yau maƙeran Suwamimalai a jihar Tamil Nadu suna sa alamar awon a kan tsinken ganyen kwakwa kafin su taɓa kakin zuma. To amma marubucin waƙa ma kari ne ke ɗaure shi, kuma ba wanda ya ce kari ya hana a gane gwani. Ga shi kuma hanyar zubin kanta ba ta yarda da maimaici: a gina siffar da kaki, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba tagulla, sannan a fasa yumɓun, ba sauran mazubi. Tagullar allahiya Farbati da ke gidan tarihi na Freer a Washinton, aikin zamanin daular Chola wajen shekarar 990, kafaɗunta sun zube, hannayenta sun yi tsawo fiye da na 'yan'uwanta, har masana da dama ke ganin Sarauniya Sembiyan Mahadebi aka siffanta.

Saura mai cewa, musamman a cikinmu da akidarmu ta yi nisa da bautar gumaka, ai wannan tallan jiki ne aka fake da addini. Fahimtar abin da wasu ke nufi da aikinsu ba yarda da shi ba ne, kuma wannan zargi a gidan tarihi yake samun ƙarfi, inda ake ajiye tagullar tsirara a ƙarƙashin lantarki. A wurin bauta ba haka ake ganinta ba. Ana naɗe ta da alharini, a jibga mata furanni da sarƙoƙi har sai fuska da hannaye kaɗai suka rage a fili. Yawancin tagullar Chola ta fita gari ce ranar biki, shi ya sa ake ganin huji ko zobba a gindinta, inda ake zura sanduna ko igiya a ɗaure ta a kan makarar da maza ke saɓawa a kafaɗa. Wanda ke tsaye a ƙarshen layi, cikin turereniya da hasken fitilar mai, ba ya ganin cibiya ko cinya. Abin da ke isa gare shi shi ne tsarin tsayuwar a ƙarƙashin tufafi, miƙaƙƙiya ko karkatacciya, tana tangaɗi da takun masu ɗauke da ita.