Allunan Fid Da Mota Daga Rairayi

Yau maganarmu a kan wani kayan tafiya ne wanda ba a faye tuna shi ba sai ran da aka rasa shi, watau allunan da a ke shimfiɗa wa mota ƙarƙashin taya in ta kafe cikin rairayi. Allo dai mu a makaranta muka san shi, ashe direbobi ma suna da nasu, sai dai nasu taka shi a ke yi.

Wanda iyakarsa Kano zuwa Zariya bisa kwalta, ba ruwansa da wannan zance. Amma wanda ya ɗora kaya daga Agadas ya nufi Dirku da Bilma, ko ya bi ta Arlit zuwa Asamaka bakin iyakar Aljeriya, ya san akwai inda ba hanya sai sawun wanda ya riga ka, shi ma in iska ba ta shafe shi ba. Ruwan da ke cikin jarka da salka bisa kwanakin tafiya aka auna shi, kowace sa'a kuwa da aka yi ana tono da hannu cikin rana, daga cikinsa a ke biya. A 2013 mutum 92, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su arewa da Arlit bayan motocinsu sun tsaya. Lalacewa ce ta tsai da su, ba kafewa ba, amma hamada ba ta tambayar dalilin tsayuwa.

Dabarar allon ta daɗe. Wani hafsan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi ta ratsa hamadar Masar da Libiya da motocin Ford a shekarun 1920 da 1930, ya tsinci waɗansu indararo na ƙarfe wurin masu sai da tsofaffin ƙarafa a Alƙahira, ya riƙa tura su ƙarƙashin taya. Kana a lokacin yaƙin Hitila, daga 1941, Amurkawa suka ƙera faranti na ƙarfe masu huje-huje don shimfiɗa filin jirgin sama a daji cikin 'yan kwanaki. Kowane ɗaya tsawonsa ƙafa 10, faɗinsa inci 15, nauyinsa wajen kilo 30. Da yaƙi ya ƙare aka bar su birjik, direbobin Sahara suka riƙa raba su biyu suna ratayawa a gefen lori. Daga baya aka yi na alminiyan don sauƙin ɗauka. A 2005 kuma wani kamfanin Ostireliya ya fito da na roba mai haƙora, sunansa MAXTRAX, tsawonsa ya ɗan ɗara mita ɗaya, nauyinsa bai kai kilo 4 ba. Masu kwaikwayonsa yanzu ba su lissaftuwa.

To, wanne za a saya? Nauyin mota shi ke ba da amsa. Na roba domin ƙananan motoci aka yi shi, irin su Hilux da Land Cruiser. Lorin da ta sha buhunan gero da jama'a a bisa, ƙarfe ta ke so. Aibin ƙarfe shi ne yana lanƙwashewa, wani sa'in ya tashi ya bugi cikin mota, amma guduma tana miƙar da shi, ni kuwa ina girmama kayan da maƙerin ƙauye ke iya gyarawa. Na roba mai kyau yana lanƙwasa ya koma yadda ya ke. Na arahar shi ne abin tsoro: rana ta ke gasa shi bisa rufin mota wata da watanni, ran da aka bukace shi sai ya ce ƙas. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, ɗora kansa ɗaya bisa dutse ka hau da ƙafa biyu. In mai kanti ya hana, ya gaya maka abin da ka ke nema ka sani. Biyu ne mafi ƙaranci, huɗu sun fi.

Amma fa allo ba ya fid da motar mai garaje. Da ka ji ta fara nutsewa, ɗage ƙafa daga totur, gama kowane juyin taya kabari ya ke haƙa mata. A sauke jama'a. A rage iskar taya zuwa wajen rabin ta kwalta, don ta baje bisa rairayi kamar tafin raƙumi. A sa shebur a kwashe gaban tayoyi, in kuwa cikin motar ya zauna ƙasa a kwashe nan ma, in ba haka ba aikin banza a ke yi. Sa'an nan a cusa allon a karkace har ya ciji robar taya, direba ya sa ƙaramar giya ya tashi sannu. In ya murza da ƙarfi, zafin tayar ya narkar da haƙoran roba nan take, allon kuma ya fice ta baya kamar kibiya, don haka kada kowa ya tsaya a nan. In mota ta tashi, ba ta tsayawa sai ta taka ƙasa mai ƙarfi, yaran mota su biyo ta da alluna a ka. A ɗaura wa kowane allo igiya tun da fari, domin rairayi kan binne shi har a rasa inda ya ke. Famfon iska kuwa lalle ya kasance cikin kaya, zama taya mai laushi ba ta jure duwatsu.

Da sanyin safiya rairayi ya fi ɗaukar mota, da tsakar rana sai ya saki. Da damina kuma allunan nan suna amfani cikin taɓon fadama da firkin ƙasar Barno, sai dai a wanke su, laka in ta cike haƙora sun zama sulɓi.

Falken da ba shi da mota sai ta haya, shi ma da nasa a ciki. Kafin ya ba da kuɗin mota a tashar Agadas, ya zaga ya duba gefenta, ya ga alluna da shebur da famfo da idonsa, ya ƙirga jarkunan ruwa.