Allura Da Zare: Yadda Matan Cile Suka Ɗinke Raunin Zuciya Da Tsummokara

Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san cewa, duk da zafin mutuwa, akwai wani sauƙi da kabari yake kawowa. An yi addu'a, an rufe, jama'a sun zo gaisuwa, da kwana ya yi kwana sai zuciya ta fara haƙura. To, amma yaya matar da aka shigo gidanta da tsakar dare aka tafi da mijinta ko ɗanta, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, kuma duk ofishin da ta je sai a ce mata ba a san da zamansa ba? Ita ba gwauruwa ba, ita ba mai miji ba. In ta yi makoki, tana ganin kamar ta kashe shi da bakinta. In ta ƙi yi, baƙin ciki yana cinta a tsaye.

Wannan shi ne halin da ɗaruruwan mata suka shiga a ƙasar Cile, can Amurka ta Kudu, daga shekarar 1973. Abin da suka yi da wannan baƙin ciki shi ne muke so mu kawo wa mai karatu a wannan mako, domin akwai darasi a cikinsa ga duk wanda yake ɗauke da wani ciwo a rai wanda baki ya kasa faɗa.

Yadda Abin Ya Faro

Ran 11 ga watan Satumba na 1973 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Shugaba Salvador Allende, Janar Augusto Pinochet ya kama mulki, bai kuwa sauka ba sai a watan Maris na 1990. Tun daga makon farko aka shiga kame. Ana ɗaukar ɗalibai, da ma'aikatan masana'antu, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, da manoma, a gida ko a kan titi. Binciken da gwamnatocin farar hula suka yi daga baya ya tabbatar da cewa mutum fiye da 3,000 aka kashe ko aka ɓatar, ban da dubun dubatar da aka tsare aka gana musu azaba.

Galibin waɗanda aka kama maza ne, kuma su ne masu ciyar da gida. Saboda haka mata suka wayi gari da wahala biyu, ga rashin sanin inda nasu yake, ga yunwa a ɗaki. Maƙwabta kuma suka riƙa ja da baya, don kowa yana tsoron kada a gan shi da iyalin wanda aka kama.

A watan Oktoba na 1973 Ikilisiyar Katolika, tare da waɗansu ikilisiyoyi irin su Lutheran da Methodist, da kuma jama'ar Yahudawa, suka kafa wani kwamitin agaji a Santiyago, babban birnin ƙasar. Da gwamnati ta matsa aka rufe shi a ƙarshen 1975, sai Kadinal Raúl Silva Henríquez ya buɗe wani ofishi a ƙarƙashin ikilisiyarsa a watan Janairu na 1976, mai suna Vicaría de la Solidaridad, wato ofishin tsayawa tare da waɗanda ake zalunta. Lauyoyin wannan ofishi sun shigar da dubban ƙararraki don a fito da waɗanda aka kama, kotuna suka yi watsi da kusan dukansu. A layin jiran lauya, da ƙofar gidan yari, da ɗakin ajiye gawa, a nan ne matan suka fara gane fuskokin juna.

Ɗinkin Buhu

Tun wajen 1974 masu aikin agajin suka ga cewa matan nan suna bukatar abin yi da zai kawo musu ɗan kuɗin burodi, ya kuma hana su zama da tunani su kaɗai. Ba jari, ba keken ɗinki. Abin da ke akwai shi ne tsofaffin buhunan algarara, da ƙyallaye, da allura, da zaren ulu. Da harshen Sifaniyanci ana kiran irin wannan buhu arpillera, shi ne kuma sunan da ya bi aikin har yau. Ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya a ƙasar, domin mawaƙiyar nan tasu Violeta Parra ta taɓa yin ɗinki a kan buhu, har aka nuna aikinta a birnin Faris a 1964.

Ga yadda ake yi. Za a yanka buhu ya zama kamar faɗin ƙaramin faranti mai kusurwa huɗu, a shimfiɗa ƙyalle a kansa. Daga nan sai a yanka ƙananan ƙyallaye a ɗinka su, wannan ya zama gida, wancan ya zama itace, wancan hanya. Mutane kuwa 'yan tsana ne ƙanana ake yi, da gashi na ulu, a ɗinka su a kai. A can sama kusan kullum akwai duwatsun Andes da ke bayan birnin, da rana tana fitowa. A ƙarshe a saƙa bakin da ulu mai launi.

In ka hango shi daga nesa sai ka ce aikin yara ne don ado. Sai ka matso za ka ga abin da ke ciki. Ga motar sojoji a ƙofar gida, ga mutum an ɗaure masa hannu. Ga masana'anta an yi mata alamar an rufe. Ga mata a layi da bokiti don an yanke ruwa. Ga babbar tukunya guda da unguwa duka take ci daga cikinta. Ga teburin cin abinci da kujera ɗaya ba kowa a kanta. A kan da yawa daga cikinsu an ɗinka tambaya guda da zare: "Suna ina?" Waɗansu matan da ƙyallen rigar wanda aka ɓatar suke yin 'yar tsanar da take wakiltarsa. Waɗansu kuma sukan ɗinka ɗan aljihu a baya, su sa 'yar takarda mai bayanin abin da ya faru.

Ofishin ikilisiya ne yake saye daga hannunsu, ya aika ƙasashen waje a sayar. Ta haka kuɗin abinci ya riƙa shigowa, ta haka kuma mutanen Turai da Amurka suka riƙa ganin abin da jaridun ƙasar ba su iya bugawa.

Me Ya Sa Ya Yi Magani?

Wata masaniya Ba'amurkiya, Pauline Boss, ta yi shekaru tana nazarin irin wannan rashi da ba shi da tabbas. Ta nuna cewa yana daskarar da makoki, domin zuciya ba ta san ko ta jira ko ta saki ba, kuma al'ada ba ta tanadi wani zaman gaisuwa domin sa ba. Mai irin wannan ciwo yakan yi ta juya abu ɗaya a rai dare da rana, ba farko ba ƙarshe.

Ɗinki kuwa dole yana da farko da ƙarshe. Kafin mace ta ɗinka daren da aka kama ɗanta, sai ta tsaya ta zaɓa: ina ƙofar take, mutum nawa suka zo, ita tana ina a tsaye. Abin da yake yawo a kai kamar hayaƙi sai ya sami wuri ya zauna a kan ƙyalle, inda za ta iya dubansa, ta naɗe shi, ta miƙa wa wani. Ciwon bai tafi ba, amma ya fito daga ƙirji ya koma hannu.

Masana sun gwada wani abu makamancin wannan da rubutu. A 1986 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su yi rubutu na minti 15 kowace rana har kwana 4. Waɗansu suka rubuta abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa, waɗansu suka rubuta abubuwan yau da kullum. Waɗanda suka taɓo ciwonsu sun tashi daga rubutun da nauyin zuciya, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibiti ya ragu idan aka kwatanta da sauran. Wato kamar wankin miki ne, da zafi a lokacin, da sauƙi daga baya.

Daɗin daɗawa, matan Cile ba su yi ɗinkin a kaɗaice ba. Sukan taru a ɗakunan majami'a, kowa da ƙunshin ƙyallayenta. Mun san yadda zance yake zuwa da sauƙi in hannu yana aiki, ido yana kan allura, ba wanda ya zuba maka ido. Maganar da mace ba za ta iya yi a gaban lauya ba, sai ta fito a wurin yankan ƙyalle, a gaban wadda ita ma abin ya shafa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Jiki Magayi

Akwai wani abu kuma da ya riƙe matan nan, shi ne yarda da abin da jikinsu ya ba su. Hukuma ta yi ta gaya musu cewa mazansu gudu suka yi suka bar ƙasar, ko kuma ba a taɓa kama su ba. A watan Yuli na 1975 aka buga sunayen mutum 119 a waɗansu jaridu biyu a Ajantina da Burazil, aka ce wai sun mutu a ƙasashen waje, a rikicin junansu ko a arangama da jami'an tsaro. Jaridun gida suka ɗauka suka yayata. Iyalai suka ƙi yarda. Ba su da takarda ko ɗaya a hannu, amma sun san mutanensu, sun kuma san abin da idonsu ya gani. Daga baya ta tabbata cewa 'yan sandan ciki ne suka shirya labarin.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ƙarshen watan Nuwamba na 1978 wani mutum ya kai wa ikilisiya labari, aka je wata tsohuwar matoyar farar ƙasa a wani wuri da ake kira Lonquén, kusa da Santiyago, aka tarar da gawarwakin mutum 15 da 'yan sanda suka kama tun watan Oktoba na 1973. Biyar daga cikinsu uba ne da 'ya'yansa huɗu. Wannan matoya ita ma ta shiga cikin ɗinkin matan.

Sai dai a lura, abin da jikinsu ya ba su ba zato ba ne na banza. Ya tsaya a kan sanin da aka tara shekara da shekaru na halin miji da na ɗa. Kuma ba su tsaya a nan ba, sun kai sunaye da ranaku da shaidu ofishin ikilisiya aka rubuta aka ajiye, takardun da suka yi amfani a kotu bayan mulkin soja. Muryar zuci abin saurare ce, amma a bi ta da bincike.

Tsoro Ba Ya Tafiya Rana Ɗaya

Kada mai karatu ya ɗauka cewa matan nan ba su ji tsoro ba. Yawancin ɗinkunan ba su da sunan mai su, domin suna a kan ƙyalle yana iya jawo mota ƙofar gida. Jaridun da ke goyon bayan gwamnati sun zarge su da ɓata sunan ƙasa. Da tsoron suka fara, da shi suka ci gaba, amma mataki mataki. Wadda jiya ba ta iya faɗin sunan ɗanta a kasuwa, yau ta ɗinka shi a ɓoye, gobe ta nuna wa 'yan'uwanta mata, jibi ta maƙala hotonsa a ƙirji ta fita titi.

Haka kuwa aka yi. Iyalan waɗanda aka ɓatar, da masu ɗinki a cikinsu, sun yi yajin cin abinci a 1977 da 1978. A 1978 suka fara taka rawar gargajiyar ƙasar, wadda mace da namiji suke yi tare, amma mace ita kaɗai, don kowa ya ga gurbin wanda babu. A 1979 suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin shingen tsohon ginin majalisar dokoki. Masu ilmin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa gudun abin tsoro yana ƙara masa girma, kusantarsa kaɗan kaɗan kuwa yana rage masa ƙarfi. Allura ce ta zama matakin farko.

Ran 5 ga Oktoba na 1988 jama'ar Cile suka ƙi amincewa da ci gaban mulkin Pinochet a ƙuri'ar raba gardama. Ofishin ikilisiya ya rufe a 1992. Yau ana ajiye da ɗinkunan nan a gidan tarihin tunawa da haƙƙin ɗan Adam da aka buɗe a Santiyago a 2010. Amma kada a ce komai ya ƙare lafiya. A 2023, shekara 50 bayan juyin mulkin, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da sabon shirin neman mutum fiye da 1,000 da ba a gano inda aka sa su ba. Mata da yawa sun tsufa sun mutu ba su sami amsa ba. Ɗinkin bai dawo musu da kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya ciyar da 'ya'yansu, ya ba su 'yan'uwa, ya hana baƙin ciki ya haɗiye su da rai.

Namu Rabon

'Yan'uwa, a cikinmu ma akwai waɗanda rikici ko masu satar mutane suka raba da nasu, har yau ba labari. Akwai kuma masu ɗauke da waɗansu raunuka da ba a gani. Sau da yawa abin da muke ce musu shi ne su yi haƙuri su manta. Haƙuri yana da kyau, amma mantuwa ba ta zuwa da umarni.

Ba sai mun kwaikwayi ɗinkin Cile ba. Mai saƙa tana da saƙarta, mai ginin tukunya yana da yumɓunsa, mai waƙa yana da muryarsa, wanda ya iya rubutu yana da littafinsa. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa suna iya ware yamma ɗaya a mako, a zauna a yi aikin hannu tare, ba wa'azi, ba tilasta wa kowa magana, kuma abin da aka ji a wurin ya tsaya a wurin. Wanda kuma abin ya kai shi ga rashin barci na tsawon lokaci, ko ƙin abinci, ko tunanin hallaka kansa, a raka shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin aikin hannu ba ya maye gurbin likita.

Matan Cile ba su jira tsoro ya tafi ba kafin su zura zare a allura. Da abin da ke ɗaki suka fara, tsohon buhu da tsumma. In akwai wata a unguwarku da ta daina fita tun ranar da abin ya same ta, a wannan mako a je mata da ƙyalle da zare, a zauna kusa da ita.