Tayimin da bakfaya a injin tsofaffin motocin a-kori-kura

Tayimin shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta domin ƙona cakuɗin fetur da iska a cikin silinda. Bakfaya kuwa fashewa ce mai ƙara da ke faruwa idan cakuɗin ya kama wuta a wajen silinda, ko dai ta kafireto ko ta salansa. Matsalar ta fi yawa a tsofaffin a-kori-kura masu distributa da kwantak, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, da tsohuwar Toyota Hilux mai shan fetur. Mai shan dizal ba ta cikin wannan bayani, domin ba fulogi ke kunna ta ba.

Kusan duk kalmomin sana'ar aro ne daga Turanci da aka lanƙwasa su bi tsarin gaɓar Hausa, kamar fulogi, salansa da totur. Sunan motar kuwa Bahaushe ne tsantsa, jimla ce guda da ta koma suna.

A yammacin Zamfara

A ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum, irin waɗannan motoci na ɗaukar hatsi, dabbobi da fasinja tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Ƙurar hunturu tana toshe kafireto, man 'yan bumburutu wani lokaci yakan zo da datti ko ruwa, gargadar hanya kuma tana kwance ƙusoshi. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, mutuwar mota a daji da yamma haɗari ne ga rayuka, kuma ƙarar bakfaya kanta tana kama da harbin bindiga. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man da gurɓataccen tayimin ke ɓarnatarwa ma ya zama asara babba ga direba.

Gano matsalar

Abu na farko shi ne a saurari inda ƙarar ke fitowa. Idan ta kafireto injin ke tari, galibi mai ya yi ƙaranci a cakuɗin, ko iska na shiga ta wani tsagi, ko bawul ɗin shigar mai ba ya rufewa sosai, ko an sauya wayoyin fulogi. A mafi yawan injina masu silinda huɗu na waɗannan motoci, jerin wutar shi ne 1-3-4-2. Idan kuwa ta salansa take harbi, man da bai ƙone ba ne ke kamawa a can, saboda wuta ta makara, ko wani fulogi ya mutu, ko bututun hayaƙi ya huje.

Wutar da ta yi gaggawa tana sa injin ƙwanƙwasa a hawan tudu da kaya, ya kuma yi gardama wajen tayarwa. Wadda ta makara tana kashe ƙarfin mota, ta sa injin zafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da murɗa distributa. Tazarar kwantak, wadda ke kusan milimita 0.4, tana raguwa yayin da dunduniyarsa ke cinyewa, kuma hakan kaɗai yana makarar da wuta. Don haka sai an gyara tazarar, an duba fulogi, kondansa da murfin distributa ko ya tsage, kafin a taɓa tayimin.

Saitawa

Ana saitawa da fitilar tayimin, a haska makin da ke jikin fule yayin da injin ke aiki a hankali. Inda babu ita, ƙaramin kwan fitila da aka haɗa da kwantak yana nuna daidai lokacin da ya buɗe. Makanikai da yawa da kunne suke saitawa. Gwani yakan kusanci daidai, amma injin da ya yi daɗin sauti a gareji yana iya ƙwanƙwasa da zarar an ɗora masa buhunan gero. Idan makin yana rawa a ƙarƙashin fitila, to sarƙar tayimin ta saki ko sandar distributa ta cinye, kuma sai an canza su.