Sunayen Duwatsu da Jigayin Ƙasar Gwiwa Na Bukatar Kundi

A can ƙurewar kudancin duniya akwai nahiyar Antatika, mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 14, wadda ƙanƙara ta lulluɓe kusan dukkanta. Babu gari a cikinta, babu gona, babu al'ummar da za ta ce nan aka binne cibiyar kakanninta, sai masu bincike da ke zuwa su yi watanni su koma. Duk da haka dubban tsaunukanta da lungunan gaɓar tekunta da kogunan ƙanƙararta suna da suna a rubuce, tare da lambobin da ke nuna inda suke, sau da yawa har da bayanin wanda ya raɗa sunan da dalilinsa. A ƙasar Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura kuwa, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana noma da kiwo, kowane tudu da fadama da ƙorama na da sunan da mutanen wurin suka sani, amma mafi yawansu a baki suke, a bakin dattawa. A ganina sunayen namu sun fi na Antatika ɗaukar ilimi nesa ba kusa ba, don haka su suka fi cancanta a yi musu kundi, kuma lokacin yin hakan yana ƙurewa.

Kogin ƙanƙara dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara da shekaru ba ta narkewa, ta danne juna har ta zama dunƙule guda, sai nauyinta ya sa ta riƙa gangarawa a hankali zuwa teku, tana kankare duwatsu tana haƙa kwari. Wanda ake kira Lambert ya haura kilomita 400 a tsawo. Da yake babu mazauna a Antatika, duk wanda ya fara isowa shi ke raɗa suna. A 1841 James Clark Ross, wani jagoran jiragen ruwan Ingila, ya sanya wa duwatsu biyu sunayen jiragensa, Erebus da Terror, daga baya kuma aka sa wa makeken falon ƙanƙarar da ya tare masa hanya sunansa. Dogon zirin ƙasar da ya miƙe ya nufi Kudancin Amurka sai da ya samu suna huɗu: Ingila ta ce Graham, Amurka ta ce Palmer, Ajantina ta ce San Martín, Chile ta ce O'Higgins, kowa da gwarzon da yake son ɗaukakawa. Sai a 1964 Ingila da Amurka suka daidaita, arewacin ya zama na Graham, kudancin na Palmer. Yarjejeniyar Antatika da ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959 ta jingine rigimar mallaka, amma ba ta kafa hukuma guda mai raɗa suna ba. Saboda haka a 2012, da Ingila ta sa wa wani yanki sunan Sarauniya Elizabeth, Ajantina ta kai ƙorafi a hukumance. Abin da kwamitin masana binciken Antatika mai suna SCAR ya yi tun daga 1992 shi ne tattara duk sunayen da ƙasashe suka bayar a kundi ɗaya ba tare da soke na kowa ba, har yawan sunayen ya kusa ninka yawan wuraren.

Irin waɗannan sunaye ba sa gaya wa matafiyi komai game da wurin. Sunan sarauniya ba zai nuna maka inda ƙanƙara ke da rami ba. A Girinlan, can arewa, inda mutanen Inuwit suka daɗe suna farauta a gaɓar teku, abin ya sha bamban. Garin da Turawan Denmak suka kira Jakobshavn, wato tashar Yakubu, mazaunansa na kiransa Ilulissat, ma'ana tsibiran ƙanƙara masu yawo a ruwa, abin da duk mai kwalekwale zai tarar a bakin garin ke nan. Da tsibirin ya samu mulkin cikin gida a 1979, babban birninsa ya ajiye sunan Godthåb ya koma Nuuk. Wanda ke ci daga ƙasa, da siffarta yake kiranta.

Haka Bahaushe da Bafulatani suka yi a nan. Ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa na zaune ne a kan tsofaffin duwatsu na asalin ƙasa, masu shekaru ɗaruruwan miliyoyi, shi ya sa ake ganin jerin tsaunuka da marmara da tsakuwa. Labarin baka ma ya ce wani maharbi mai suna Kutumbi ne ya ga wurin a kewaye ya kwatanta shi da zaure, daga nan sunan Kazaure ya samo asali, tun kafin zuriyar Ɗan Tunku ta taso daga Dambatta ta mai da shi gidan sarauta. Idan aka nausa gabas da arewa wajen Babura har kan iyakar Nijar, dutse sai ya nutse, rairayi ya hau kansa. A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya yi bayanin cewa dogayen tudun yashi na ƙasar Hausa, waɗanda suka jeru daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar iskar hunturu, ragowar tsohuwar hamada ce da ciyayi suka ɗaure. A nan labarinmu ya haɗu da na ƙanƙara. A zamunan da sanyi ya mamaye duniya, wanda na ƙarshensu ya kai ƙololuwa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da na Amurka, ruwan teku ya sauka ƙasa da fiye da mita 100, damina ta yi rauni a Afirka ta Yamma, Sahara ta miƙo ƙafa kudu da ɗaruruwan kilomita. Iskar irin waɗannan zamunan ce ta tara jigayin da ake noma gero da gyaɗa da riɗi a kansu yau. Da aka ƙirƙiri jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, sunan wannan ƙasa mai yashi aka ba ta, babban birninta kuma Dutse. Jiha ce da sunanta da na hedikwatarta suka bayyana kashi biyu na ƙasarta.

Manomin Dabi ko Korayel ko Amaryawa ya san bambancin jigawa da fako, da tudu da kwari, da fadama mai laka da wadda ruwa ke saurin tsotsewa, da kududdufi da tafkin da ke kaiwa bazara. Idan aka haɗa irin wannan kalma da sunan bishiya ko dabba ko mutumin da ya fara sara, sunan ya zama shaida: nan kuka ta taɓa tsayawa, nan kura ke kwana a da, nan ruwa ke kwanciya a shekarar da damina ta yi yawa. Fadamar da ta bushe shekara talatin tana nan da sunanta, kuma sunan gargaɗi ne ga mai shirin gina gida a cikinta. Ambaliyar 2022 da ta ɗaiɗaita sassan Jigawa ta nuna cewa ruwa ba ya manta hanyarsa. Amma sunayen na ɓacewa. Masu fasa dutse na cinye tsauni, gari na faɗaɗa a yanka filaye a sa musu sunan sabuwar unguwa ko na wani mai mulki, samari na tafiya ci-rani, dattijon da ya san sunan kowace ƙorama kuma in ya rasu ya tafi da su. Taswirorin da aka zana daga hotunan jirgin sama wajen shekarun 1950 da 1960 manyan wurare suka fi kamawa, da rubutun da ya mai da Haɗeja Hadejia, Sakkwato Sokoto.

Wani zai ce yanzu kowace waya na nuna wuri da lambobin GPS, to me za a yi da suna? Lamba tana nuna inda wuri yake, amma ba ta faɗin halinsa, kuma ba wanda ke kai rahoton ɓallewar hanya ko ɓatan shanu da lamba. Da suna ake faɗa wa mai unguwa, da suna shi ma yake kai wa dagaci. Masu binciken Antatika sun fi kowa na'urori, amma ba su daina raɗa suna ba: a 2021 ma an sa wa wasu kogunan ƙanƙara sunayen biranen da aka yi tarukan sauyin yanayi, irin su Glasgow da Kyoto da Paris.

Wani kuma zai ce wasu duwatsun sunansu na da alaƙa da tsafi da iskoki, gara a bar su su mutu. Ina girmama wannan damuwa, amma rubuta suna ba bauta ba ce. Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, sunan Dala na nan, bai kuma hana Kano zama cibiyar malamai ba. Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a 1229, ya tattara sunayen garuruwa da duwatsu da kwaruruka a Mu'ujamul Buldan, har da na zamanin jahiliyya, malamai kuma na amfana da shi har gobe.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na rigimar ƙasa. Wuri ɗaya na iya samun suna biyu, manoma na kiransa da Hausa, makiyaya da Fulatanci, ko ƙauyuka biyu kowanne na jingina shi ga kakansa, musamman a yankin Gwiwa da ke iyaka da jihar Katsina. Idan hukuma ta zaɓi ɗaya ta buga hatimi, ta hura wuta ke nan. Wannan gaskiya ne, kuma a nan ne dabarar kundin Antatika ke da amfani: a rubuta duka sunayen, a faɗi masu amfani da kowanne, a bayyana ƙarara cewa kundin ba takardar mallaka ba ce. Barin burtali da mashaya ba suna a rubuce ma shi ya fi sauƙaƙa cinye su, domin abin da ba a rubuta ba musunsa ba wuya.

Aikin ba ya bukatar jirgin ruwa ko biliyoyin naira. Masarautar Kazaure da ta Ringim, wadda Babura ke ƙarƙashinta, suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san dattijon da za a tambaya a kowane ƙauye. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura suna da ɗaliban da ke neman aikin bincike kowace shekara. A tura su da rani, bayan an gama girbi, su zauna da manoma da maharba da makiyaya da matan da suka san wuraren itace da ruwa, su naɗi muryar mai faɗin sunan domin karin sautinsa ya tsira, su rubuta shi da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, su ɗauki lambar wurin. Kwafi ɗaya ya zauna a fada, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a ofishin safiyo na jiha a Dutse, kuma a fara da mazaɓa guda a Gwiwa don a ga abin da aikin zai ci kafin a faɗaɗa shi.