Gyaran Madafa: Tun Ran Gini, Ran Zane

Yau maganarmu a kan ɗaki guda ce cikin gida, ɗakin da ya fi kowanne shan aiki, amma shi ake bari baya in an tashi gini. Watau madafa, ko ɗakin girki, wanda mutanen birni ke ce wa kicin.

In kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, maigida ya sami 'yan kuɗi a hannu, sai ka ga an kira magini. A gyara zaure, a yi wa turaka rufin kwano, a shafe bango da siminti. Madafa fa? Sai abin da ya rage na tubali da guntayen kwano, a jingina ta a wani lungu, ba taga, ba mafitar hayaƙi. Wani kuma ya je birni ya ga kicin na zamani, da tayil da kabad mai ƙyalli, ya komo gida ya ce shi ko irin wannan ko a bari. Su duka biyu sun yi kuskure, gama abin da ke sa madafa ta zama ta zamani ba ƙyalli ba ne. Tsari ne: ina hayaƙi zai bi, ina ruwa zai bi, ina za a ajiye abinci, ina kuma yaro zai zauna.

Su Turawan ma da tsari suka fara. A shekarar 1926, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, hukuma na gina wa ma'aikata gidaje masu araha. Aka ba wata mace mai zanen gine-gine, Margarete Shutte-Lihotski, 'yar ƙasar Austriya, aikin tsara musu ɗakin girki. Kafin ta ja layi ko ɗaya sai da ta binciki yadda mace ke kai da kawowa wajen girki, da lokacin da kowane aiki ke ci. Ɗakin da ta zana ƙarami ne, faɗinsa wajen ƙafa 6, tsawonsa wajen ƙafa 11, da taga, da mazuƙar tururi bisa murhu, kowane kaya kuma da mazauninsa kusa da hannu. An yi irinsa wajen 10,000, kuma daga nan ne kicin na zamani ya samo asali. To, kai maigida, abin koyi a nan shi ne, kafin magini ya haƙa tushe, ka zauna da uwargida ka tambaye ta. Ita ta san inda hayaƙi ke tokare ta, da inda bayanta ke ƙagewa. Kai ba ka sani ba, don tuwo kake gani, ba tuƙi ba.

Bari mu fara da hayaƙi, don shi ne babba.

Mun saba da shi har ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. Mace na hura wuta, idonta na hawaye, tana tari, goyonta na tari, a ce ai haka girki ya gada. Ku ɗaga kai ku dubi rufin madafarku. Kunkunniyar nan baƙa da ta lulluɓe azara, daga iskar ɗakin ta fito, kuma iskar nan ita mai girki ke shaƙa safe da maraice, shekara da shekaru. Cikin hayaƙin itace akwai ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya tare ta, tana wucewa har ƙuryar huhu, wata ma ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, cikinsu akwai yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Ga yara, ciwon huhu ne, wanda ake kira limoniya: yaro ya kama zazzaɓi da tari, numfashinsa ya yi sauri, awazunsa na faɗawa. Kun sha ganin irinsu a kan benci a ɗakin shan magani. Ga manya kuwa, tari ne wanda ba ya jin magani, da sarƙewar numfashi, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Tsohuwar da ba ta taɓa sa taba a baki ba, sai a ga ƙirjinta ya lalace kamar na mashayi.

Malamin asibiti zai ba da magani, amma in an koma ɗakin nan mai hayaƙi, ciwo zai komo. Maganin na hannun magini.

Ga yadda za a yi. Kada a haɗa madafa da ɗakin kwana, kada kuma ƙofarta ta dubi tagar ɗakin da yara ke barci. A nisanta ta da salga da turken dabbobi, saboda ƙuda. Kada ƙofa ta fuskanci gabas, gama kowa ya san daga can hadari ke tasowa. A yi tagogi biyu, ɗaya a wannan bango, ɗaya a wanda ke fuskantarsa, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Taga ɗaya ba ta kore hayaƙi, sai dai ya yi ta kewaya. Hayaƙi mai zafi sama yake yi, saboda haka a bar fili kamar taƙi ɗaya tsakanin kan bango da rufi, a rufe shi da waya mai raga don kada ɓera da tsuntsu su shiga. Rufin kuma kada a yi shi gajere. In ana da hali a kai bango ƙafa 9, a shafe cikinsa da farar ƙasa don ɗakin ya yi haske. Wanda ba shi da halin gina ɗaki, kada ya ji kunya. Rumfa buɗaɗɗiya a tsakar gida ta fi ɗaki mai tayil wanda ba shi da taga.

Sa'an nan murhu. Murhun duwatsu uku ya yi wa kakanninmu aiki, ba mu raina shi ba, amma yana da ɓarna. Zafin da ke kai wa tukunya bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba, sau da yawa ma bai kai ba. Saura duk iska ke kwashewa. Ga tsadar itace, ga daji na ƙarewa. Abin da ya fi shi ne ginannen murhu na laka ko na bulo, mai baki ɗaya na sa itace, da ramuka biyu daidai gindin tukwanenku, da bututun hayaƙi a baya wanda ya huda rufi ya fita. Bututun ya zarce ƙololuwar rufi da kamar ƙafa 2, a yi masa 'yar hula don ruwan sama, kada kuma ya taɓa azara ko ciyawa, don yana zafi. Ramin da ba a ɗora tukunya ba a rufe shi da marfi, in ba haka ba hayaƙi ta nan zai ɓullo. A riƙa kakkaɓe bututun, gama in kunkunniya ta toshe shi an koma gidan jiya.

An gwada wannan a ƙasar Gwatemala, cikin ƙauyukan kan duwatsu inda ake girki da itace kamar mu. Likitoci suka gina wa waɗansu gidaje murhu mai bututu, waɗansu kuma suka ci gaba da buɗaɗɗiyar wuta, aka bi lafiyar jariransu. A sakamakon da aka buga a 2011, hayaƙin da yaran gidaje masu bututu ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ku lura, rabi aka ce, ba duka ba. Bututu na ragewa ne, ba ya kawarwa. Saboda haka a haɗa da busasshen itace wanda aka faskara ƙanana, a bar ɗanye. Kuma don Allah a bar hura wuta da leda ko tsohon silifa. Wuta na kamawa da sauri, gaskiya ne, amma hayaƙinsu guba ne.

Gawayi ba ya hayaƙi mai yawa, shi ya sa yake yaudarar mutane. Yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Da hunturu in aka shiga da kurfoti ko kaskon wuta ɗaki aka rufe ƙofa, sai ciwon kai, sai jiri, sai barcin da ba a tashi. Risho kuma, tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a guji kananzir wajen girki. In kuwa akwai shi a gida, kada a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye ƙasa, yara na ɗauka su sha.

Wanda Allah ya hore wa, gas ya fi duka tsabta ga huhu. Amma shi ma yana da ƙa'ida. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaye ƙasa take kwantawa kamar ruwa. Saboda haka tun wajen gini a bar kafa a gindin bango, a sa mata waya mai raga. Tukunyar gas ta tsaya a tsaye, nesa da wuta da zafin rana, in so samu ne a wani ɗan keji a waje, a shigo da tiyo. In kuna shakkar tiyo, ku shafa masa ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yake yoyo. Kada a gwada da ashana. In kun ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki.

Yanzu tsayin murhu. Littattafan Turawa sun ce teburin girki ya kai ƙafa 3, don su a tsaye suke girki. Wannan ya yi daidai ga teburin yanka albasa da nama, da mazaunin gas. Amma ba a tuƙa tuwon mutum goma sha biyar a kan abu mai tsawon ƙafa 3, muciya na bukatar a danna ta daga sama. Murhun tuwo a ɗaga shi daga ƙasa kamar zuwa gwiwa, uwargida ta tsaya a auna da ita. Ɗagawar nan ba don baya kaɗai ba ce. Yaran da ake kawowa da ƙuna, yawancinsu masu rarrafe ne da masu tatata, waɗanda suka dafa garwashi ko suka jawo tukunyar miya. A yi wa madafa 'yar gajeruwar ƙofa zuwa ƙugu, wadda uwa za ta riƙa hangen yaro ta samanta shi kuwa ba zai shigo ba. Goyo ma, in akwai mai riƙewa, a sauke shi kafin a shiga hayaƙi. In tsautsayi ya faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kawo shi ɗakin magani. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da toka.

Masu zanen gidaje a Amurka, tun wajen shekarun 1940, suna da wata dabara mai sauƙi. Wurare uku mai girki ke zirga-zirga a tsakaninsu: murhu, da wurin ruwa, da ma'ajiyar abinci. A jera su kamar duwatsun murhu, kowanne taku biyu ko uku daga ɗan'uwansa, kada kuma hanyar shiga da fita ta ratsa tsakaninsu. Ko da randa ce da kanta maimakon famfo da firji, dabarar ɗaya ce.

Randa a ɗora ta a kan 'yar dakali, a rufe ta, moɗa kuma a rataye ta, kada a bar ta a ƙasa. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Daɓen ɗakin, ko na siminti ko na ƙasa mai kyau, a karkata shi kaɗan wajen wata kafa don ruwan wanke-wanke ya fita. Kada a bar shi ya kwanta a bayan bango, sauro ya sami gida. A haƙa rami zurfin ƙafa 3 ko 4, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa ƙanana a sama, ruwan ya riƙa nutsewa ciki, kuma ramin ya yi nesa da rijiya. Mai son tayil, ya sa a bangon bayan murhu da wurin wanke-wanke, inda maiƙo ke fantsama. A ƙasa kuwa kada a sa mai santsi.

Saura ɓera. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ɓera ma haka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa cikin ƙasar Barno, wani irin ɓera ne ke ɗauke da shi, yana zuba fitsari da kashi a kan hatsi da ƙwarya da abincin da aka bari a buɗe, ya fi kuma yawa da rani. A toshe kowace kafa da siminti, ƙasan ƙofa a buga masa guntun kwano. Gari da shinkafa da wake a zuba su cikin abu mai marfi wanda haƙori ba ya hudawa, a ɗora a kan kanta, kada buhu ya kwana a ƙasa. Kabad in za a yi, a ɗaga shi a kan ƙafafu yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashinsa, ƙofarsa kuma a sa mata waya mai raga don iska. Kabad da aka manne da ƙasa, mai duhu a baya, gidan kyankyasai ne kuka saya da kuɗinku. Ragaya ta kakanninmu har yanzu tana da amfani, muddin an rufe abin da aka rataya.

In magini ya ce ya gama, kada ka cika masa kuɗinsa tukuna. Bari laka ta bushe, sa'an nan a hura wuta, a ɗora tukwane a ramukansu, a jefa ɗan danƙin ɗanyar ciyawa don hayaƙi ya tashi sosai. Kai ka fita waje ka duba ko yana fita ta bakin bututu, uwargida kuma ta zauna a inda za ta riƙa zama. In idonta ya yi hawaye, aiki bai ƙare ba. A ƙara tsawon bututu, ko a liƙe gefen tukunya, ko a faɗaɗa taga. Daga nan a kwara bokitin ruwa a daɓe, a ga inda ya nufa.