Husufin da Ya Gwada Maganar Einstein

Ranar 29 ga Mayu, 1919, gari ya waye da ruwan sama a tsibirin Principe, cikin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya. Arthur Eddington, masanin taurari daga Cambridge, ya yo tattaki daga Ingila saboda 'yan mintunan da wata zai rufe rana. Wata tawagar kuma tana Sobral, a Brazil, tana jiran husufin.

Abin da ya kai su shi ne hasashen da Albert Einstein ya yi a 1915: hasken tauraro, in ya ratsa ta gefen rana, nauyinta zai karkatar da shi. Bai tsaya a nan ba, ya faɗi adadin karkatar: sakan 1.75 na kusurwa, sakan guda kuwa kashi ɗaya ne cikin 3,600 na digiri. Lissafin Newton yana ba da rabin wannan. Da tsakar rana ba a ganin taurari, sai husufi ya rufe ta. To, da hotunan sun nuna 0.87, ko ba karkata sam, da magana ta ƙare, Einstein ya sha ƙasa.

A ganina, wannan kasadar ce ta sa hasashen ya gwadu. Mai duba da ya ce maka alheri na tafe amma akwai maƙiya, ba ranar da za ka kama shi da ƙarya: in ka samu, alherin ne, in ka rasa, aikin maƙiya ne. Shi kuwa Einstein ya nuna wa abokan hamayyarsa inda za su sare shi.

A Principe, gajimare ya ɗan yaye, Eddington ya ɗauki hotuna 16, biyu kacal suka yi amfani. Principe ta ba da 1.61, Sobral 1.98. Aka sanar da sakamakon a Landan ranar 6 ga Nuwamba. Akwai wasu hotunan Sobral da aka ajiye gefe saboda na'urar ta sami tangarɗa, kuma masana sun daɗe suna taƙaddama kan hakan.

A Vienna, wani saurayi ɗan shekara 17, Karl Popper, yana biye da labarin. A lokacin yana taimaka wa masanin halayyar ɗan Adam Alfred Adler a aikin kula da yara. Wata rana ya kawo masa labarin wani yaro da yake ganin ya saɓa wa ra'ayin Adler, sai Adler ya fassara halin yaron tsaf da ra'ayin nasa, bai ko sa shi a ido ba. Wannan bambanci tsakanin Einstein da Adler Popper ya yi ta juyawa a ransa, har ya zama ginshiƙin littafinsa na 1934 kan tsarin binciken kimiyya.