Na'urorin Awon Ruwa a Ƙasar Zuru: Tsimin Batir da Ingancin Ƙiyasi

Manomin dawa a Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, ya san hadari kan zuba a gonar maƙwabcinsa ya bar tasa ƙayau. Saboda haka tashar awo guda a birni ba ta wadatar da karkara, kuma hankalin masana ya koma ga ƙananan na'urori masu araha da ake bazawa a gonaki, su auna ruwan sama da danshin ƙasa, su tura sakamako ta iska. Shirin TAHMO na masanan jami'o'in Delft da Oregon State ya sa burin kafa irin waɗannan tashoshi 20,000 a Afirka, tazarar kusan kilomita 30 tsakaninsu.

Matsalar ita ce wuta. Zafin bazara na gajartar da ran batir, ƙurar hunturu na lulluɓe faifan sola, zuwa canza batir a daji kuma sai da kuɗi da kasada, ganin halin tsaron yankin.

Galibi aika saƙo ne ke zuƙe batir fiye da awon kansa, don haka dabarun tsimi suka fi karkata ga rage magana. Akwai barci tsakanin awo da awo. Akwai yin shiru sai adadi ya sauya sosai. Akwai kuma naɗa shugabar rukuni da ke tattara bayanan maƙwabta ta aika sau ɗaya, ana karɓa-karɓar shugabancin, kamar tsarin LEACH da masanan jami'ar MIT suka gabatar a 2000.

Sai dai kowace dabara da farashinta. Ruwan yankinmu kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Na'urar da ta yi dogon barci za ta makara da gargaɗi. Shiru ma fuska biyu gare shi: ko ba abin da ya sauya, ko na'urar ta mutu. Dunƙule bayanai kuwa na shafe bambancin gona da gona, alhali shi aka fito nema.

Mafita ita ce tsimi ya bi kalandar manomi. Da rani a bar na'ura ta yi barci, tana turo ɗan saƙon shaidar rai kullum. Daga faɗuwar ruwan shuka zuwa Satumba kuwa a sakar mata wuta, domin ƙiyasi mara kyau a lokacin yana jawo asarar iri da taki, ko barin mutane cikin duhu kafin ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi. Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru ce ta fi dacewa da gwada wannan a gonakin da ke kewaye da ita.